Yesu ranar Litinin a Tudun Hatsi

Ɗan'uwa, ka ce ranar Lahadi zuciyarka cike take da Yesu, amma da ka koma kasuwa ranar Litinin sai ka neme shi ka rasa, kana tambaya yaya za ka yi.

Ni ma hatsi nake sayarwa a Tudun Hatsi, nan Gombe, na san abin da kake nufi. A bakin buhu ake gwada bangaskiya. Tsohuwa ta zo sayen masara, idonta bai gani sosai, mudu yana hannunka. Za ka cika shi har ya yi tozo, ko za ka rage? Karin Magana 11:1 ta nuna Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Duk sa'ad da na cika mata mudu, nakan tuna cewa wanda ya mutu domina bai rage mini komai ba.

Kada ka ɗauka ƙoƙarinka ne zai riƙe ka. A Yohanna 15:5 Yesu ya kira kansa kurangar inabi, mu rassa. Reshen da aka sare, kafin yamma ya yi yaushi. Shi ya sa da asuba, kafin in taɓa waya, nake karanta ayoyi kaɗan, in durƙusa in miƙa masa ranar, har da bashin da ake bina.

Mahaifiyata a Kaltungo ba ta yi boko ba, amma tana daka tana rera waƙoƙin Zumuntar Mata, da su ta rene mu.

Ka nemi wani dattijo a ikkilisiyarku, ku riƙa yin addu'a tare ko sau ɗaya a mako.