Gidan gado a Liyon: daga ina haƙƙinki na neman rabo ya samo asali?

Malama, na karanta wasiƙarki a kan gidan da mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya bari a birnin Liyon na ƙasar Faransa, da yadda yayyenki biyu suka ƙi a raba, suna cewa tun zamanin da ba a san 'ya mace da tilasta rabon gida ba. Maganarsu tana da ɗan tushe a tarihi, amma ba a tarihin dokar da ta shafe ku ba.

A tsohuwar Atina ta ƙasar Girka, 'ya'ya maza ne ke raba dukiyar uba daidai wa daida, 'ya mace kuwa sai kayan auren da za ta tafi da su gidan miji, kuma ko da ita kaɗai uban ya bari, akan aurar da ita ga dangin uba mafi kusa domin dukiyar ta zauna cikin zuri'a. Girkawa ma ba bakinsu ɗaya ba. A Gortin ta tsibirin Kirit, dokar da aka sassaƙa a jikin dutse ta ba mace rabin kason namiji, ta kuma ce idan magada suka kasa daidaitawa a sayar wa wanda ya fi tayi a raba kuɗin.

Romawa sun bi wata hanya, kuma a ganina ta fi adalci. Tun daga Alluna Goma Sha Biyu, wato rubutattun dokokinsu na farko, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, ɗa da 'ya da ke ƙarƙashin ikon uba kaso ɗaya suke samu idan ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma kowane magaji yana da ikon kai ƙara alƙali ya raba. Wannan ƙa'ida ce Faransa ta gada a kundin dokokinta na 1804, inda sashe na 815 ya hana a tilasta wa kowa zama cikin tarayyar dukiya.

Tunda a Faransa marigayin yake zaune, dokar can ce ke aiki, sai fa idan ya zaɓi dokar ƙasarsa a wasiyya. Ki fara da neman sulhu a gaban notar, jami'in da dole rabon gida ya bi ta hannunsa; yayyenki na iya sayen kasonki, ko ku rubuta yarjejeniyar ci gaba da tarayya ta tsawon da bai wuce shekara 5 ba, wadda ake iya sabuntawa. Idan sulhu ya faskara sai kotu, wadda za ta nemi shaidar cewa kin yi ƙoƙarin sasantawa, saboda haka ki adana duk wasiƙar da kika aika musu. Wanda ke zaune a gidan shi kaɗai kuma sauran magada na bin sa diyyar zama, amma ba a neman ta bayan shekara 5, don haka kada ki yi jinkiri.