Filin Tambaya da Amsa: Rigar Sitiyari ta Fatar Kaboyi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tasi ne, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi. Ɗana ya nuna mini hoton rigar sitiyari ta fata mai zanen furanni da ƙusoshin ado, irin ta kaboyin Amurka, wadda ake sayarwa tare da bel da jaka. Shin za ta dace da motar haya, ko in tsaya a kan waɗanda ake sayarwa a Suwame Magazin, unguwar makanikai da kayan gyaran mota ta Kumasi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Direba, Allah ya kiyaye hanya. Wannan aikin fata asalinsa na masu haɗa sirdi ne. Makiyayan shanu na yammacin Amurka, wato kaboyi, sun gaje shi daga makiyayan Meksiko, kuma garin Sheridan na jihar Wayomin ya yi suna da zanen furannin da ke zagaye juna, har ake kiran salon da sunansa. Fatar da aka jeme da ɓawon itace ce ke karɓar wannan zane: ana jiƙa ta, a tsaga layin da wuƙa, sannan a bi da ƙananan ƙarafa ana bugawa da guduma har furen ya taso. Jimar ƴar'uwar tamu ce, domin majemanmu da bagaruwa suke yi, kuma da ita aka fitar da jar fatar akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko.

Sai dai fatar da ta dace da sirdi tana da kauri da tauri, shi kuwa sitiyari abin da yake buƙata shi ne riƙo. Direban da yake wuni yana juyi cikin cunkoson kasuwar Kejetiya hannunsa na gumi, gumin kuma yana taruwa da ƙura a cikin ramukan zanen har fatar ta yi baƙi ta soma santsi. Ƙusoshin suna ɗaukar zafi idan mota ta tsaya a rana, geza kuma tana iya sarƙe sandar tirafiketa. Ban ga dalilin da zai sa mai ɗaukar rayukan jama'a ya sayi wannan haɗari da kuɗinsa ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin masu araha roba ce aka danna mata zane da inji, wadda ba ta jimawa take soma saɓulewa. Ka shinshina ta, ka kuma duba bakinta: na fatar gaske yana da zare-zare, na roba kuwa za ka ga yadi manne a bayansa.

Shawarata ita ce ka fara auna faɗin sitiyarinka. Na ƙananan motoci yawanci santimita 37 zuwa 38 ne, na manya ya fi haka. Ka kai wa baduku ya yanko fata marar kauri, mai laushi, ya ɗinke ta a jikin sitiyarin da zare mai ƙarfi, domin ɗinkakkiyar riga ta fi wadda ake zurawa kamu nesa ba kusa ba. Kada ta taɓa tsakiya, inda hon da jakar iska suke. Idan kuma ta Suwame ka saya, ka riƙe ta da hannu biyu ka murɗa ta yayin da mota take tsaye. In ta motsa ko kaɗan, ka cire ta nan take.

Wajen kulawa, tsumma mai ɗan danshi ya wadatar, kuma kada ka shafa mata man kaɗanya, saboda santsin da zai bari. Da damina ka riƙa shanya motar ta sha iska, don laimar Kumasi na sa fata fumfuna.

Bel da jaka kuwa, nan ne zanen ya sami wurin zamansa, kuma suna shekaru idan fatar ta gaske ce. Ka kai hoton wa dukawan zango, ka nemi su fara gwada furen a kan ɗan ƙyallen fata kafin ku yi ciniki.