Me ya sa sinadari ɗaya yake lafar da zuciya amma ya murɗa hanji?

Tambaya: Malam likita, ina koyon aikin jinya a Maradi. An ce mana asetilkolin yana rage bugun zuciya, amma yana murɗa hanji, ya sa yawu zuba. Yaya saƙo ɗaya zai kwantar da wannan ya tada wancan? Kuma me ya haɗa shi da waɗanda ake kawo mana sun sha fiya-fiya?

Amsa: Ɗiyata, asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, ba ya shiga cikin ƙwayar halitta sam. Kamar baƙo ne da ya yi sallama ya tsaya a zaure. Abin da zai faru a cikin gida ya danganta da yaron da aka aika ciki. Mai amsa sallamar shi ne makarɓin muskarin. Sunan ya fito daga gubar wata laimar kwaɗi, kuma Henry Dale ne a 1914 ya bambanta aikinsa da na makarɓin nikotin. Iri biyar ne, M1 zuwa M5. Kowanne ya ratsa fatar ƙwayar sau bakwai, ta ciki kuma yana aiki da furotin G, ɗan aiken ke nan.

M1 da M3 da M5 suna aiki da nau'in furotin G da ake kira Gq. Hanji da mafitsara da hanyoyin numfashi da matatsar yawu, M3 ne ke juya su. Gq yana tada wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai suna fosfolifes C, shi kuma ya tsaga wani kitse na fatar ƙwayar gida biyu, IP3 da DAG. IP3 yana buɗe ma'ajiyar kalsiyam da ke cikin ƙwayar. Da kalsiyam ya kwararo, tsokar hanji sai ta matse, yawu da majina su ɓalle.

Zuciya kuwa M2 gare ta, mai aiki da wani nau'in furotin G ɗin, wato Gi, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Gi yana rabuwa biyu. Ɓangare ɗaya ya danne inzayim da ke haɗa cAMP, sinadarin da ke ƙara wa zuciya sauri, ɗayan ya tafi kai tsaye ya buɗe ƙofofin potasiyam a inda bugun zuciya yake farawa. Potasiyam na fita, ƙwayar sai ta ƙara jinkiri kafin ta sake bugawa. Zuciyar da aka raba da jijiyoyinta takan buga kusan sau 100 a minti. Jijiyar bagus, wadda ke sakar wa zuciya asetilkolin, ita ce ke sassauta ta yanzu haka da kike zaune. Otto Loewi ya nuna a 1921, da zukatan kwaɗi guda biyu, cewa wani sinadari ne jijiyar take saki ya sassauta zuciya.

Sai fiya-fiya da ire-irenta da ake feshin lambu da su a bakin Gulbi. Suna kashe inzayim da ke share asetilkolin bayan ya gama aiki, sai ya taru yana ta buga kowane makarɓi ba hutu. Ki dubi wanda aka kawo da kyau: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, gumi ya jiƙa riga, kumfa a baki, ƙirji na kurari, sau da yawa bugun zuciya ya yi ƙasa. M3 da M2 ne kike gani da idonki. Atrofin, maganin da ake ba irin waɗannan marasa lafiya, yana zama a kan makarɓin muskarin ya hana saƙon wucewa. Shi ya sa wanda ya sha zaƙami, tsiron da ke ɗauke da atrofin da danginsa, yake zuwa da akasin haka: baki a bushe, ƙwayar ido ta buɗe sosai, zuciya na gudu, yana sambatu.

Abin da nake roƙon ki riƙe shi ne, atrofin bai isa ga makarɓin nikotin ba, alhali shi ke motsa tsokar numfashi. Yawu da majinar mutum na iya bushewa sarai amma numfashi ya gagare shi. A cire masa tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke jikinsa, ke ma ki sa safar hannu. In ana ƙara atrofin, ƙirji za ki riƙa saurara har kurarin ya ɗauke, kada ki dogara da girman ƙwayar ido, kuma ki ci gaba da ƙirga numfashinsa ko da ya fara magana.