Kada ka sa hannu a takardar sulhun nan tukuna

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah Ya ba ƙanin naka lafiya, Ya sa kaffara ne. Sau uku na karanta tambayarka, jikina ya yi sanyi, don kamar labarina ka kwashe ka rubuta. Ka ce wani ɗan siyasa ya buge shi da dare a hanyar Bukuru, duk wanda ya matso ya ji warin giya, amma kafin gari ya waye an sallame shi har da motarsa, yanzu kuma ana matsa maka ka karɓi kuɗin magani a kashe maganar. Kana tambaya ka karɓa ko ka tafi kotu.

Ni dai na sa hannu, kuma har yau ina cizon yatsa.

Nawa a Farin Gada, nan cikin Jos, ya faru, da damina, bayan isha'i. Ɗan yayata ne da nake riƙo, shi ke jan Keke Napep ɗina. Wata baƙar jif mai baƙin gilashi ta bar hannunta ta zo ta kwashe shi. Da na iso na tarar da mutumin jingine da motar, ya yi tatil, tsayuwa ma ta gagare shi, hularsa tana cikin taɓo. Yaron kuwa yana bakin kwata, ƙafa ta juya, sai kiran sunan uwarsa yake. Da 'yan sanda suka zo, wallahi ko kallon yaron ba su yi ba. Babbansu ya ƙame ya sara masa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ka dai ji ciwo ba ko?” Ɗayan kuma ya sunkuya ya ɗauko hular, ya kakkaɓe ta a jikin wandonsa, ya miƙa masa da hannu biyu. Hular nan ita ce ba ta barina barci. An tsame hula daga taɓo, ɗan mutum yana kwance cikin jini. Masu shayin gefen titi ne suka cicciɓe shi muka sa a wata keken.

A caji ofis ni aka zaunar a benci kamar ni na yi laifin. Shi yana ciki ofishin babba, ana ta dariya. Motarsa ta fita a daren, kekena ta kwana goma sha ɗaya a wurinsu. Na ce a gwada shi, aka ce babu na'urar, in dawo gobe. Giya ai ba ta jiran gobe, cikin 'yan awoyi hanta ta gama da ita, shaida ta tafi ke nan. Sun sani sarai, shi ya sa suke jan lokaci. A dokar ƙasar nan idan barasa ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari a jinin direba ya yi laifi, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna da abin busawar nan, lambarsu 122 kyauta ake kira. Da na san haka a daren da su na fara kira.

Za kuma su ce maka ba a taɓa shi, yana da rigar kariya. Haka wani kofur ya raɗa mini, wai tausayina yake ji. Ƙarya ce. Sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa da mataimakinsa da gwamna da mataimakinsa kawai ya ba wannan rigar. Ɗan majalisa ko kwamishina ko ciyaman, kotu tana iya kiransa kamar kowa. Amma me za a ce, ƙasar da a 2013 motar ayarin gwamna ta yi sanadin mutuwar Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, a hanyar Lokoja, ina ga ɗan keke?

Bayan kwana uku yaron mai jif ɗin ya zo da kuɗi a ambulan, tare da dattawan unguwarmu da nake jin nauyinsu, suna ta cewa sulhu alheri ne. Na sani alheri ne, ban musa ba. Sai dai takardar da Turanci aka rubuta, ashe cewa take na yafe komai har abada. Kuɗin ya ƙare tun kafin a yi wa yaron tiyata ta biyu. Na kira har na gaji, daga baya lambata ma ba ta shiga. Na je ƙofar gidansa a Rayfield, maigadi ya kore ni kamar almajiri.

Ka riƙe kowane rasit, ko na auduga ne, da hoton ƙashi. Mutanen da suka ji warin giyar nan ka bi su yau ka karɓi lambobinsu, don jibi tsoro zai kama su. In akwai wanda ya ɗauki bidiyo da waya ya turo maka. Ba ka da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, kyauta take wa marasa ƙarfi. Ka rubuta koke ga kwamishinan 'yan sanda, ka aika kwafi ga Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja, ka sa a buga maka hatimi a naka kwafin. Ka tambayi inshorar motar ma, dole ce a kan kowace mota. In sulhun za ka yi, ka bari sai likita ya faɗi ƙarshen abin da za a kashe, lauya yana zaune.

Yaron nawa yanzu ɗingishi yake, rake yake sayarwa a Taminus, sanyin Jos in ya sauko ƙafar ba ta barinsa runtsawa. Naka wace ƙafar ce, kuma sun ce za a sa ƙarfe? Don Allah kada a garzaya da shi wurin mai ɗori kafin ka karɓi rahoton likita a rubuce.