Mijina ya rasu, wani ya fito, amma ji nake kamar cin amana ne

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 31, mijina ya rasu shekara biyu kenan a haɗarin mota hanyar Zariya, ya barni da yara uku. Yanzu wani bawan Allah ya fito, malamin makaranta ne mai hankali, amma wallahi duk randa yazo zance in na koma ɗaki sai na ɓige da kuka, har yau hular marigayi na nan rataye inda ya barta kuma na kasa goge lambarsa a wayata. Ga uwar mijina tace in na sake nayi aure sai dai in ajiye musu 'ya'yansu. Anti ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙansa ya raya abinda ya bari. Kukan nan naki ba laifi bane kuma ba alama bace ta cewa bakya son wannan ɗin, mutumin da kuka haɗa 'ya'ya uku ai baya fita a zuciya dan wani yayi sallama a ƙofar gida. Haƙƙinsa na takaba wata huɗu ne da kwana goma kamar yadda yazo a Baƙara aya ta 234, kin gama tuni, babu wani bashin zama da yake binki.

Ki tuna Ummu Salama, mijinta Abu Salama ya rasu shekara ta 4 bayan hijira sanadiyyar raunin da ya samu a Uhudu, tana karanta addu'ar nan ta neman Allah ya musanya mata da mafi alheri tana kuma cewa a ranta wai waye zai fi Abu Salama, kinga itama taji irin abinda kike ji. Sai ga Manzon Allah (SAW) ya nemi aurenta. Abinda yake burgeni da ita shine bata yi nuƙu-nuƙu ba, ta faɗa masa tana da kishi, shekarunta sun ja, ga kuma yara, ya bata amsa ɗaya bayan ɗaya sannan aka ɗaura. Toh kema haka zakiyi, zaunar da malamin nan ki tambayeshi kai tsaye zai riƙe agola uku ko bazai iya ba, a ina zasu kwana, kuɗin makaranta wa zai biya, in yana da mata ta sani ko sai ranar tarewa zata gani. Na sha samun wasiƙun mata da akayi musu daɗin baki a waje, ana tarewa aka ce yaran sun cika ci. Ki ja masa zancen marigayi ko sau ɗaya ki kalli fuskarsa, in ya ɗaure fuska dan kin ambaci mamaci to da sauran magana.

Batun Hajiya kuma ki bita a hankali, ɗa ta binne, jikokin nan su take kallo taji sanyi, tsoro ne yake sata faɗin haka. Amma ki san a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, in uwa tayi aure da wanda ba muharramin yaran ba riƙo yana komawa hannun kakarsu ta wajen uwa tukunna, wato mahaifiyarki, kafin ya zagayo dangin uba. Kar kije mata da wannan kamar kin ɗauko kara, ki samu kawunsu ko limamin unguwa a zauna a tsara ranakun da zasu riƙa zuwa mata da hutun makaranta, a kuma rubuta gadon marayun da wanda yake riƙe dashi, naki tumunin daban.

Kuje ayi gwajin jini kafin a sa rana, harda na jinotayif, kiyi istihara. Hular kuwa ki wanke ki ninke ki ajiyewa babban ɗanki, lambar ma ki barta ba wanda ya isa yace sai kin goge. In kun zauna da malamin ki sake rubuto min inji me yace akan yaran.