In je da kaina ko in ga kayan ta waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Panteka da ke Kaduna, kuma duk wata nakan je kasuwar Ladipo a Legas in saro kaya. Yanzu kuɗin mota da na masauki sun fara cin ribar. Ɗana ya ce in daina zuwa, in riƙa duba kayan ta kiran bidiyo. Anya wannan zai yiwu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Zai yiwu, kuma yaron ya ba ka shawara mai kyau. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai fatauci ya ji a jikinsa. Ka ɗauki biro ka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci da 'yan dako. Sai ka ƙara abin da yawancinmu ba ma sa shi cikin lissafi, wato kwana uku ko huɗu da shago zai yi a hannun yara, mai saye ya zo bai same ka ba ya wuce maƙwabta. Shi kuwa kiran bidiyo na awa guda yakan ci data tsakanin rabin giga zuwa giga ɗaya. Ko bayan ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, wannan bai kai kuɗin abincinka na hanya ba.

Sai dai akwai yadda ake yinsa. Kada ka yarda a nuna maka kaya a bakin shago cikin hayaniya. Ku sa lokaci da rana, mai sayar maka da kayan ya shiga sito, ya juya kyamarar bayan waya. Kai za ka zaɓi kwalin da za a buɗe, ka ce a ciro na ƙasa, ba wanda ya ajiye a sama ba. Ya matso da lambar da ke jikin kayan har ka karanta ta da bakinka. A ƙirga a gabanka, a ɗaure, a rubuta sunanka a jikin kwalin kana kallo. Bayan kun gama, ya turo hotuna, domin bidiyo kan dushe idan sabis ya yi rauni, kuma farashi da adadi su zo a rubuce. Ranar da aka yi lodi, ya turo takardar webil, wato shaidar aiko kaya, da lambar direba.

Duk wannan da mutumin da ka sani ne, wanda ka taɓa zama a shagonsa kuka yi ciniki shekara da shekaru. Sabon mutum kam, ina roƙonka kada ka tura masa kuɗi don ka ga fuskarsa a waya. Mutum na iya tsayawa a gaban siton da ba nasa ba. Haka ma injin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, waya ba za ta gaya maka lafiyarsa ba. Ni da kai ne, zan mayar da tafiyar sau uku a shekara. Zumunci a ƙafa yake, kuma a cikin kasuwa ake jin sabon farashi da sabon kaya kafin labari ya iso Kaduna.

Tambaya: Malam, ina da shagon ɗinki a Unguwar Rimi, da mata takwas masu sayar mini da kaya a Abuja, Zariya da Kano. Nakan bi jirgin ƙasa daga Rigasa don mu zauna da na Abuja. An ce in biya kuɗin Zoom, manhajar taro ta bidiyo, na shekara. In biya?

Amsa: Hajiya, kada ki biya tukuna. Mutum tara ba su kai ga haka ba. WhatsApp ɗin da ke wayarki na ɗaukar mutum 32 a kiran bidiyo guda, kuma matan nan duk sun saba da shi. Idan kina son nuna musu takardar lissafi, Google Meet na kyauta na ba da awa guda, Zoom na kyauta kuma na ɗaukar mutum 100 amma yana yankewa bayan minti 40. Zaman da aka tsara tun kafin a fara, minti 40 ya ishe shi. In bai isa ba, a sake shiga.

Kuɗin nan ki kashe su inda matsalar take. A Kaduna wuta da sabis ne ke ɓata taro. Ki sayi fawa bank mai kyau, da abin sauraro na kunne mai makirfo, da ɗan maƙalin waya don hannu ya huta, da layi na biyu na wani kamfani daban. Ki zauna kina fuskantar taga, don in tagar na bayanki fuskarki duhu za ta yi. Idan murya ta fara sarƙewa, kowa ya kashe kyamara sai mai nuna kaya.

Abu ɗaya ya shafi sana'arki musamman: waya ba ta faɗin gaskiyar launi. Shadda ruwan toka kan koma shuɗi-shuɗi a wata wayar, kuma ba a jin laushin yadi da ido. In aikin biki ne, ki yanki ƙyalle ki ba direba a tashar Kawo ya kai, kafin almakashi ya taɓa yadin mutane.

Ki kuma gargaɗi matan. Akwai masu kiran waya su ce za a yi taro, an turo miki lambobi shida, ki karanto musu don a saka ki. Waɗannan lambobin mabuɗin WhatsApp ɗinki ne, da su ake ƙwace shi a shiga roƙon kuɗi da sunanki. Babu taron da ke buƙatar su.

Tambaya: Yaya, na fara sayar da fitilun sola a Kasuwar Barci. Ina tara kuɗi in je baje kolin Canton a birnin Guangzhou na ƙasar Chaina. Ko in haƙura?

Amsa: Ƙanena, bana ka haƙura. Ana yin baje kolin sau biyu duk shekara, daga Afrilu da kuma daga Oktoba, ba zai gudu ba. Tikiti da biza da otal za su cinye jarin da ya kamata ya zama kaya. Ka sauke manhajar hira ta WeChat don magana da masu ƙera fitilun, domin an toshe WhatsApp da Google a Chaina. Suna gabanmu da awa 7, don haka ƙarfe 8 na safe a nan ƙarfe 3 na yamma ne a can, sai ka kira kafin ka buɗe shago. Ka nemi su zagaya da kai cikin masana'anta kai tsaye, ka sayi samfur biyu ko uku, ka caja su a rana, ka bar su kunne har asuba ka ga wadda ta kai.