Farin kifi a miyar tumatir mai yaji

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki dafa farin kifi kada ya dagargaje, da abin da ake sha da shi. Matsalar ita ce saka kifi da wuri. Ki fara soya albasa, tafarnuwa, attaruhu da tumatir har sai mai ya taso sama, sannan ki jera yankan giwan ruwa ko karfasa, ki rage wuta. Minti 10 ya isa. Kada cokali ya shiga, girgiza tukunyar kawai.

A Italiya da Faransa farar giyar inabi mai sanyi suke haɗawa da shi, saboda ɗan tsaminta. Ni dai ruwan tsamiya mai ƙanƙara nake sha, ko zoɓo marar citta, tunda yajin miyar ya wadatar.